Yadda ake fatsa a kan goran roba a tafki idan ɗari ya fara janyewa

Daga tsakiyar watan Fabrairu zuwa ƙarshen Maris, lokacin da ƙurar hunturu ta fara raguwa a Maraɗi, mutane sun fara naɗe bargo amma ba su kai ga fitar da tabarma tsakar gida ba, akwai wasu makonni da nake ganin babu kamarsu ga mai kamun kifi da ƙugiya. Kifin da ya yi wata biyu yana laɓe a zurfi ba ya cin abin kirki yakan fara matsowa inda ruwa ya yi ɗumi, ga shi da yunwa, ga tafki ya ja baya ya tara shi a wurare kaɗan. Sai dai wuraren da yake taruwa ba su cika samuwa daga bakin gaɓa ba, domin tsakaninka da su akwai laka mai kama ƙafa da ciyawar ruwa, idan kuma ka shiga da jirgi, ƙarar filafili da inuwar jirgin kan watsa shi tun kafin ƙugiyarka ta taɓa ruwa. Goran roba ne yake kai mutum can a hankali, ba motsi ba ƙara.

Abin da nake kira goran roba wata roba ce da ake hura wa iska, a ɗinka mata mazauni a tsakiya, mutum ya zauna ƙafafunsa na cikin ruwa, yana tura kansa da wani takalmi mai faɗi kamar ƙafar agwagwa, hannayensa biyu kuma suna kan sandar fatsa. A Amurka aka fara sayar da shi a shekarun 1940, kuma na farkon ba kome ba ne illa robar cikin tayar babbar mota da aka lulluɓe da tamfol. Na yanzu ana yin su a buɗe ta gaba, domin shiga da fita su yi sauƙi. Na ba shi wannan suna ne saboda dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa: Sarkawa sun daɗe suna kwanciya a kan babban gora su shiga ruwa da koma, kamar yadda duk wanda ya ga bikin kamun kifi na Argungu ya sani. Bambancin shi ne mai goran duma a kwance yake, kifin da ya kama kuma cikin goran yake jefa shi, shi kuwa mai goran roba a zaune yake, yana iya yin sa'o'i a wuri ɗaya yana lura da zarensa.

A ƙasashen da aka fi amfani da shi, lokacin da suka fi ɗoki shi ne bayan ƙanƙara ta narke a kan tafkuna, wanda wasu ke fassarawa da bazara alhali bai yi kama da bazararmu ba ko kaɗan. Ruwansu a lokacin bai wuce digiri 4 zuwa 10 ba, don haka babban abin tsoronsu sanyi ne, tun da ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba. Namu ruwan bai taɓa yin irin wannan sanyi ba, kifayenmu kuma ba nasu ba ne. Amma abu ɗaya ya haɗa mu, kuma a kansa duk wannan bayani ya ginu: ruwa yana makara wajen ɗumi. Rana kan yi zafi har mutum ya nemi inuwa, ruwan tafki kuwa yana nan da sauran sanyin Janairu a jikinsa, kifi kuma zafin ruwa yake bi, ba zafin gari ba. Wanda ya iya gano inda ruwa ya fi ɗumi da digiri ɗaya ko biyu, ya gano inda kifi yake.

Kafin ka taɓa ruwa

Ga mutumin Maraɗi, wurin da ya fi kusa kuma ya fi dacewa shi ne tafkin Madarunfa, wanda ke kudu da birni da tafiyar kilomita 20 da ɗoriya. Tafki ne da ba ya ƙafewa, yana cika da damina ya ja baya da rani, kuma a shekarar 2019 aka sa shi cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Ana samun karfasa, wadda wasu ke kira gargaza, da tarwaɗa da giwan ruwa a cikinsa. Wuri ne mai daraja a wurin mutanensa saboda kaburburan waliyyai da ke kewaye da shi, don haka baƙo ya shige shi da ladabi.

Kada ka sauka daga mota ka nufi ruwa kai tsaye. Dokar Nijar ta tanadi takardar izinin kamun kifi, kuma jami'an ruwa da gandun daji ne za su gaya maka irin wadda ta dace da mai fatsa da kuma ko akwai lokacin da aka rufe tafkin. Bayan nan ka nemi sarkin ruwa ko dattijon masunta na wurin, ka durƙusa ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce: "Ranka ya daɗe, baƙo ne daga Maraɗi, na zo neman izini in ɗan jefa ƙugiya, ina kuma so a nuna mini inda aka kafa kaya don kada in yi ɓarna." Wannan magana ta ƙarshe ita ce mafi muhimmanci, kuma ba don ladabi kaɗai ba. Masunta suna shimfiɗa taru da mamari a cikin ruwa su bar su, mamari kuwa doguwar igiya ce mai ɗauke da ɗaruruwan ƙugiyoyi tsirara. Mai jirgi yakan wuce ta samansa lafiya lau. Kai da ƙafafunka ke lilo a ƙarƙashin ruwa, kana zaune a kan robar da ƙaya ɗaya ta ishe ta, idan ka faɗa cikinsa ka haɗu da masifa biyu a lokaci guda, ga kuma asarar da ka jawo wa mai kayan. Masuntan ne suka san inda kowace igiya take, da inda kututture ya nutse, da inda laka ke haɗiye ƙafa. Idan za ka je wani tafkin da ba ka sani ba, ka tambaye su ko akwai kada. Kogi mai gudu kuwa, ko wurin da dorina take kamar wasu sassa na kogin Kwara, ba wurin goran roba ba ne sam.

Haɗa goran da gwada shi

Idan ka samu na kanti, ka duba nauyin da aka rubuta yana ɗauka, ka zaɓi mai ɗakunan iska biyu ko fiye, domin idan ɗaya ya fashe ɗayan ya riƙe ka. Idan ba ka samu ba, ana iya haɗa shi a gida, kuma na fi son mutum ya haɗa nasa da kyau a kan ya sayi tsohon da rana ta cinye. Ka nemi robar cikin tayar babbar mota mai inci 20 ko 22, sabuwa ko wadda facinta bai wuce ɗaya ba. Ka kai ta wurin mai ɗinkin tamfol ya yi mata riga mai kauri wadda ta lulluɓe ta duka, da mazauni a tsakiya wanda aka ƙarfafa da ɗamara biyu masu faɗi da suka gitta juna, a yi musu ɗinki biyu ko uku. Rigar tana kare robar daga ƙaya da rana, tana kuma hana ta kumbura ta gefe ɗaya. Bakin hura iska na irin wannan roba ƙarfe ne mai tsawo, sai a naɗe shi da roba a juya shi inda ba zai soki cinya ko ya kama zare ba. A bayan mazaunin ka ɗaura wata ƙaramar roba ta daban, ko jarka mai lita 10 da aka toshe bakinta gam, ta zama majingina kuma abin kamawa idan babbar ta sace. Lissafin mai sauƙi ne: kowace lita ta iska tana ɗaukar kimanin kilo ɗaya a kan ruwa.

Ka hura ta tun jajibiri, ka shafa mata ruwan sabulu ko'ina, musamman gindin bakin iska da gefen faci, ka duba ko kumfa na tashi, sannan ka bar ta ta kwana. Idan da safe ta yi laushi sosai, kada ka yi wa kanka ƙarya cewa za ta kai yini. Akwai kuma abin da masu farawa ke yawan mantawa a wannan lokaci na shekara, wato iska tana kumbura da zafi, tana tsukewa da sanyi. Robar da ka cika tam da asuba ka ɗaure a saman mota ko bayan babur, rana ta buge ta a hanya, tana iya fashewa kafin ka isa. Ka tafi da ita da ɗan laushi da famfon hannu, ka sa ta a ruwa na minti biyar ta sha sanyi, sannan ka ƙara iska har ta yi tauri amma babban yatsa na iya ɗan danna ta. Idan ka fito hutawa da rana, ka ja ta inuwa ko ka rage mata iska.

Rigar ceto, wadda ke hana mutum nutsewa, dole ce ko da ka iya iyo kamar kifi, kuma a jiki ake sa ta, ba a ɗaura ta a bayan gora ba. Wanda bai iya iyo ba ya fara koya kafin ya yi tunanin wannan sana'a. Ka rataya ƙaramar wuƙa mai kube a ƙirji inda kowane hannu zai kai, don yanke igiya idan ta naɗe ƙafa, da usur don kiran taimako, wayar salula kuma a ɗaure cikin leda biyu. Takalmin agwagwa ka ɗaure kowanne da zare a idon sawu, domin idan ɗaya ya zame a tsakiyar tafki, za ka yi ta juyi a wuri ɗaya ne kawai. Sai malafa da ruwan sha, lita biyu aƙalla, saboda mutum yana zaune cikin ruwa bai san ƙishirwa na cinsa ba.

Maganar wandon roba mai haɗe da takalmi, wanda ke kaiwa har ƙirji, tana buƙatar a tsaya a kanta. Turawa suna sa shi ne don sanyi. Mu kuwa dalilinmu tsargiya ce. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin wasu ƙananan dodon koɗi da ke manne a ciyawar ruwa mara gudu, ta fito ta yi iyo, ta ratsa fatar mutum ba tare da ya ji wani abin kirki ba, bayan makonni sai a fara ganin jini a fitsari, idan kuma aka bar ta shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda. Wurin da karfasa ke so, wato gefen ciyawa mai ɗumi, shi ne dai gidan wannan dodon koɗi, kuma ƙwayoyin sun fi fitowa da tsakar rana. Mai goran roba yana jiƙa rabin jikinsa na sa'o'i a daidai wurin, don haka ba na ba kowa shawarar shiga da gajeren wando. Ka sa wandon roba wanda ba ya yoyo, ka ɗaure shi da ɗamara a ƙugu don kada ruwa ya cika shi idan ka kife, ka sa wando mara nauyi a ciki saboda gumi. Idan ruwan ya taɓa jikinka sau da yawa, ka je likita a gwada fitsari, maganinta Praziquantel sananne ne kuma yana aiki. Mun saba ganin tsargiya a jikin yaran ƙauyukan bakin ruwa har wasu sun ɗauke ta ba cuta ba, wannan kuwa kuskure ne mai tsada.

Shiga ruwa da sanin iska

Ka zaɓi gaɓa mai tauri wadda ke gangarawa a hankali. Ka sa takalmin agwagwa a bakin ruwa, ka shiga da baya da baya, domin wanda ya yi ƙoƙarin tafiya gaba da wannan takalmi zai faɗi. Idan ruwa ya kai gwiwa sai ka zauna, ka ɗaure ɗamarar gaba idan goranka yana da ita, ka tura da ƙafa. Tafiyar ma da baya ake yinta: kana kallon inda ka baro, ƙafafu suna motsi ɗaya bayan ɗaya daga cinya, a hankali, ba tare da sun fasa saman ruwa ba. Idan za ka juya sai ka motsa ƙafa ɗaya ka bar ɗaya. Ranar farko kada ka ɗauki sanda ma, ka yi sa'a guda kana koyon tafiya da juyi da tsayawa a inda ƙafarka ke taɓa ƙasa, wani kuma yana tsaye a gaɓa yana kallonka. Ko bayan ka ƙware, kada ka shiga kai kaɗai ba wanda ya san inda kake.

Goran roba bai kai saurin mai tafiya a ƙasa ba, kuma ba ya iya jayayya da iska. A watan Fabrairu iskar hunturu tana nan tana busowa daga arewa maso gabas, takan kwanta da asuba, ta tashi da hantsi, wani lokaci ta yi ƙarfi har azahar. A nan ne tarkon yake. Gaɓar da iska ke fitowa daga gare ta ita ce ke kwance lumui kamar faranti, saboda itatuwa da tudu sun kare ta, sai ta ja hankalin mutum ya shiga ta can. Da zarar ka yi nisan mita 50 ka fita daga kariyar, iska ta kama bayanka ta yi tsakiyar tafki da kai, kuma komawa sai ka yi ta faɗa da ita. Wannan ya taɓa faruwa da ni a shekarata ta farko. Na yi kusan sa'a guda ina turawa ba na matsawa, jijiyar ƙafata ta ɗaure, ƙarshe na bar iskar ta kai ni ɗaya gaɓar na dawo a ƙasa ɗauke da gora a ka. Rigar ceton da ke jikina ce ta hana tsoro ya ruɗa ni ranar. Tun daga lokacin nake shiga ta gaɓar da iska ke busawa zuwa gare ta, in tura kaina ina fuskantar wahalar tun ina da ƙarfi, yadda idan na gaji ko wani abu ya lalace, iskar da kanta za ta mayar da ni inda na ajiye kayana. Idan ka ga kan igiyar ruwa ya fara fari, ko ƙura ta taso ta rufe ɗaya gaɓar, ka fita kawai.

Abin daɗin shi ne gaɓar da iska ke busawa zuwa gare ta ita ce kuma ta fi kifi da yamma, domin iska tana tura ruwan sama, wanda rana ta ɗumama, tare da ƙwari da ɓurɓushin abinci, ta tara su can.

Neman kifi

Ka sayi ƙaramin ma'aunin zafi ka ɗaura masa zare. Karfasa tana rage ci sosai idan ruwa ya yi ƙasa da digiri 20, ta fi sakewa idan ya haura 25, tarwaɗa ma ruwan ɗumi take so. Ka riƙa auna wurare daban-daban kana tafiya, za ka yi mamakin yadda lungu ɗaya ya fi na kusa da shi ɗumi. Wuraren da ke fara ɗumi su ne lunguna marasa zurfi masu baƙar laka a ƙasa, saboda baƙin abu ya fi shan rana, da wuraren da ciyawa ta hana ruwa motsi. Amma waɗannan wurare su ne kuma ke saurin hucewa da dare, shi ya sa a farkon wannan lokaci asuba ba ta da amfani sosai: kifi ya koma zurfi ya kwana, bai dawo ba tukuna. Mafi kyawun wuri shi ne inda mara zurfi ya yi iyaka da mai zurfi, kamar inda ƙasa ta gangara daga mita ɗaya zuwa biyu a gefen ciyawa, domin ta nan kifi ke hawa da sauka. Ka nemo irin wannan gangare da zare mai dalma wanda ka ƙulla wa alama a kowane rabin mita.

Game da lokaci, a Fabrairu na fi son daga la'asar zuwa dab da magariba. Ruwa ya sha rana yini guda, iska ta fara kwanciya, an kuma wuce tsakar ranar da ƙwayar tsargiya ta fi yawa. Yayin da Maris ke tafiya, dare ya daina sanyi, sai safiya ta fara kyau, har ya kai lokacin da daga fitowar rana zuwa ƙarfe 10 ne kaɗai ake iya zama a kan ruwa. Ma'aunin zafi ne zai gaya maka lokacin da za ka sauya: ranar da ka auna da sassafe ka samu ruwan gefen ciyawa ya haura digiri 22 ko 23, safiya ta buɗe.

Idan ka kusa wurin da ka zaɓa, ka daina turawa tun da sauran mita goma, ka bar gora ya ƙarasa da kansa. Ka zauna yadda inuwarka ba za ta faɗa kan wurin ba. Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma, kuma a ruwa mara zurfi gaskiya ce tsantsa, don haka ka bar farar riga mai ƙyalli a gida. Don tsayawa wuri ɗaya, ƙaramar jaka cike da yashi mai nauyin kilo biyu a bakin igiya ta isa, amma ka ƙulla ta da ƙullin da ake warwarewa da ja ɗaya, ka kuma sake ta ta gefe inda ba za ta naɗe ƙafa ba.

Sanda ɗaya ta wadatar, mai tsawon mita biyu zuwa biyu da rabi, domin wadda ta fi haka tana wahalar da mai zaune wajen kamo kifi, ƴar gajera kuma ba ta iya kewaya da zare ta gaban ƙafafu. Ga karfasa, zare siriri mai kaurin milimita 0.20 zuwa 0.25 da ƙaramar ƙugiya mai lamba 8 zuwa 12, da ɗan totuwa ko guntun silifa a matsayin alamar da ke yawo a sama, da ƴar dalma kaɗan. Ka daidaita yadda abincin zai tsaya kamar taƙi ɗaya sama da laka. Ga tarwaɗa, zare mai 0.35 zuwa 0.40 da ƙugiya babba, abincin kuma ya kwanta a ƙasa. Tana ita ce uwar abincin fatsa, sai dai da rani ba a samunta ko'ina, sai a lambuna masu ban ruwa irin na Jiratawa da gefen rijiyoyin fadama, don haka ka haƙo ta tun jajibiri ka ajiye a gwangwani da danshin ƙasarta. Tarwaɗa tana son abu mai ƙarni kamar hanjin kaza da hanta, tana kuma cin fara da gyare. Karfasa kan ci ɗan curin tuwo da aka murza da tunkuza. Kafin ka fara, ka cuɗa dusar gero da tunkuza da laka, ka dunƙula kamar ƙwan kaza guda uku ko huɗu, ka sake su a hankali a wurin, kada ka jefa su da ƙarfi. Kada ka yawaita, domin kifin da bai gama farfaɗowa daga sanyi ba cikinsa ƙarami ne, idan ka ƙosar da shi da dusa ba zai kula ƙugiyarka ba.

Cin kifi a wannan lokaci a hankali yake. Totuwar ba za ta nutse gaba ɗaya kamar da damina ba, sai dai ta ɗan girgiza, ko ta kwanta, ko ta fara tafiya gefe kaɗan kaɗan. Idan ta fara tafiya, ka ɗaga sanda da wuyan hannu, ba fizga ba. Idan ka yi minti 20 ba ko taɓawa, ka sauya zurfi kafin ka sauya wuri, idan ka yi wasu 20 ɗin, ka matsa gaba. Sauƙin matsawa shi ne babbar fa'idar goran, kuma na lura masu farawa ba sa amfani da ita, sukan kafe a wuri ɗaya kamar suna bakin gaɓa. Wanda ke neman giwan ruwa kuwa ya sa ƙaramin kifi ko kifin ƙarya na roba, ya sake zare mita 15 zuwa 20, ya riƙa turawa da baya a hankali a kan gangaren, tafiyar goran da kanta ita ce ke ba abincin rai.

Idan babban kifi ya kama

Babbar tarwaɗa ko giwan ruwa suna iya jan gora da mai shi, wannan kuma taimako ne, domin jan nan ne ke gajiyar da su. Ka warware jakar yashi, ka naɗe ƙafafunka baya don kada zare ya shiga tsakaninsu, ka riƙe sanda a sama, ka juya goran kullum kana fuskantar kifin. Kada ka naɗa zare a hannu, kada kuma ka ɗaure shi a jikinka ko a jikin gora. Ka tura kanka zuwa fili nesa da ciyawa, ka bar shi ya gama haukansa can nesa. Kuskuren da ya fi kowanne haɗari shi ne jawo kifi kusa tun yana da ƙarfi, domin tarwaɗa tana da ƙaya mai tauri a kowane gefen ƙirjinta, ta ƙurungu ma ta fi muni don takan miƙe ta kafe, karfasa tana da jerin ƙayoyi a baya, giwan ruwa kuma murfin kunnensa yana yanka kamar aska. Kowanne cikinsu yana iya huda roba ko wandonka. Sai ya kwanta a gefensa sannan ka sa ƙaramar koma mai gajeren hannu ka ɗauke shi, ka riƙe shi a kan wani tamfol mai kauri da ka shimfiɗa a cinya, ka cire ƙugiya da filaya. Wanda za ka tafi da shi ka karya masa ƙayoyi da filayar kafin ka sa shi cikin buhu mai huji da ke rataye a igiya nesa da robar. Idan kifin ya fi ƙarfin koma, ka ja shi a hankali har gaɓa ka ƙarasa aikin a ƙasa. Gaiwa kuwa tana cizo, kada ka kai yatsa bakinta.

Akwai kifin da nake roƙon a mayar. Da zarar ruwa ya yi ɗumi karfasa takan fara haihuwa: namiji yana haƙa ɗan rami zagayayye kamar faranti a wuri mara zurfi, macen kuma tana ɗaukar ƙwai a bakinta har su ƙyanƙyashe, ta ci gaba da ɓoye ƴaƴan a ciki na wasu kwanaki. Idan ka kama karfasa ka ga maƙogwaronta a kumbure, ko ka hangi ƙwai masu ruwan ɗorawa a bakinta, ka cire ƙugiya a cikin ruwa da sauri ka sake ta, domin ɗaruruwan kifaye ne a bakin nan. Idan ka ga ramukan a ƙasa, ka kauce kada takalminka ya tattake su. Ƙananan da ba su kai tafin hannu ba su ma a mayar. Tafkin nan abincin gidaje ne masu yawa waɗanda ba su da wata sana'a sai su, mai fatsa da ya zo daga birni ya ɗauki na miyar gidansa ya bar sauran.

Ka fito tun da sauran haske, da baya kamar yadda ka shiga, ka tsaya sai ƙafarka ta samu ƙasa mai tauri kafin ka miƙe, domin ƙafafun da suka yi sa'o'i suna lilo sukan yi sanyi su ƙi ɗaukar mutum a tashin farko. Ka tattara guntayen zare da ƙugiyoyin da suka lalace ka tafi da su, saboda shanu suna shan ruwa a wurin, yara kuma suna tafiya ba takalmi. Ka koma ka yi wa dattijon da ya ba ka izini sallama, ka gaya masa idan ka ga wata igiya ta tsinke ko taru ya naɗe. A gida ka wanke kifin ka fasa cikinsa da wuri tun zafi bai taɓa shi ba, ka wanke goran da wandon da ruwa mai tsabta, ka shanya su a inuwa har su bushe sarai, ka rage wa robar iska, ka rataye ta inda ɓera da rana ba za su kai gare ta ba. Wandon kuma kafin fita ta gaba ka cika shi da ruwa ka rataye, ka duba ko akwai inda yake ɗiga, ka kai wa mai faci tun kafin ranar tafiya.